Kwaɓau da Tumbin Manaja

Faɗan da ya fi kowanne daɗewa tsakanin Tsohuwa da ƙanin mijinta Kwaɓau, a kan rariya aka yi shi. Rariyar tankaɗe ce mai bakin katako, kullum tana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Ranar nan da hantsi Tsohuwa ta miƙa hannu, sai ta shafo ƙusa kawai. Ta zagi jikoki a fili, ta zagi matar ɗanta a zuci, ta leƙa ƙarƙashin gado, can sai ta ji ƙarar ruwa daga ƙuryar tsakar gida, wajen turken saniya. Ta zagaya ta tarar da ƙanin mijin nata, dattijo mai furfura, tsugune a bakin famfo. Ya cika rariyarta da ɗanyen kashin shanu, yana sakar masa ruwa yana juyawa da yatsa a hankali, ya kawo fuska kusa kamar mai neman ɗan kunnen zinariya da ya faɗa ciki.

Ba ta yi ihu ba, don Tsohuwa ba ta wahalar da maƙogwaro a kan abin da harshe zai iya. Ta tsaya a kansa ta faro masa tarihinsa tun daga majinar da ta same shi da ita ranar da aka kawo ta gidan, ta bi ta kan duk sana'ar da ya taɓa lalatawa, ta sauko har kan rariya. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Da ta tsaya shan iska sai ya miƙo mata abin har kusa da hanci.

"Matar Yaya, dubi tsawon karan nan. Yadda ya shiga haka ya fito. Ko gaisawa ba su yi da cikinta ba."

"Ni da kai ma daga yau haka za mu zauna," in ji ta.

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Ya wanke rariyar da sabulu ya mayar da ita ƙusa, ta ɗauko ta da tsinke ta wurga masa a ƙofar ɗaki. Amma gabar ta fi cin ta fiye da yadda ta ci shi, don a duk gidan shi kaɗai ne in ta faɗa masa ɗaya yake mayar mata da biyu, kuma mutum ba ya jin daɗin faɗa da masu ce masa "to".

Kwaɓau, Allah ya jiƙansa, shi ne auta a ɗakinsu. Lokacin da yayansa ya auro Tsohuwa, wadda a zamanin ake juyowa a kalla in ta wuce, shi yana yawo da wando ɗaya mai tazuge. Ita ta riƙa cire masa ƙaya a ƙafa, ita ta riƙa yi masa ƙarya a gaban yayansa duk ranar da ya gudu daga makaranta, har makarantar ta gaji da shi kafin ya gaji da ita. Ya gwada facin taya, ya manna wa wani direba faci a inda ba huji. Ya gwada yaron mota, aka manta da shi a wata tasha. Daga ƙarshe ya faɗa gidan burodin da ke bakin babban titi, can ne ƙafarsa ta tsaya, can kuma ya samo sunan da ya bi shi har kabari.

Aikinsa kwaɓi. A lokacin babu inji, sai ƙaton kwamin katako, buhun fulawa, ruwa, gishiri, sukari, yis, da ƙarfin kafaɗa. Yakan dawo gida da safe fari fat har gashin ido, yana ƙanshin tsami-tsami, ya zube ya yi barci a daidai lokacin da mutanen kirki ke fita nema. Da yatsa ɗaya yake sanin kwaɓi ya yi: ya danna, in gurbin ya ciko a hankali, to a kai wuta. Wannan yatsan ya biyo shi gida. Ya danna kumatun jarirai, ya danna katifa a shago, ya danna tumatir a kasuwa har masu tumatir suka riƙa rufe kayansu in sun hango shi.

Bayan Allah da Ma'aiki, babu abin da Kwaɓau ya yarda da shi kamar yis. Yakan ce abu ne mai rai, barci kawai yake yi a cikin leda. Ruwan ɗumi ke tashinsa, sukari ne abincinsa, yana son a lulluɓe shi, ruwan zafi kuma ajalinsa ne. Tsohuwa takan ce ai wannan siffarsa ce ya faɗa, in aka cire ruwan zafin, don shi ko an tafasa shi ba ya jin magana.

Ya yi aure, ya samu mace mai haƙuri wadda ta yi ta karkaɗe fulawa daga shimfiɗa har Allah ya karɓi abarsa. Ta bar masa 'ya ɗaya, wadda yake kira Uwata. Yarinyar ba ta gaji kan ubanta ba, ta yi karatu ta zama nas a babban birni, ta yi aure can, tana zaune a saman bene. Yaya ma ya rasu. Aka bar tsofaffin biyu a gida ɗaya, ɗakinta na kallon nasa, a tsakiyar 'ya'yanta da jikokinta masu ladabin da ke sa mutum hamma.

Da mai gidan burodi ya kawo injin kwaɓi, kafaɗar Kwaɓau ta dama ta riga ta yi murabus, don haka sallamar ba ta zo wa kowa da mamaki ba. Kuɗin sallamar da aka ba shi ya ɗauka ya kai kasuwa ya dawo da karsana ja. Ya sa mata suna Manaja, wai duk zamansa a gidan burodi bai taɓa ganin manajansu ya yi wani aiki ba sai tsayuwa, da tauna, da kallon mutane. An yi shekaru masu kyau. Manaja ta haihu, ta ba da nono, ta sake haihuwa, Kwaɓau na jan ta zuwa filin da ke bayan layi yana ba ta labarin burodi. Sai aka yanka filin, aka zuba bulo, aka kafa gidan mai a inda ciyawa ta fi tsawo. Manaja kuma ta tsufa, haihuwa ta tsaya, nono ya ƙafe. In rani ya yi, abincinta busasshen kara ne da bambaron shinkafa da ɗan abin da ya samu na dusa. Tana ci kamar mai cin bashin duniya, tana ramewa kamar mai ciwo.

A irin wannan ranin ne ya faɗi a bakin ƙofa da damin kara a ka. Nas ta zo washegari da abin awon jini, ta ɗaura masa a hannu, ta duba, ta ɓata fuska. Ta ce zaman ya ƙare, ya haɗa kayansa ya koma wurinta inda za ta riƙa ganinsa safe da yamma. Ya tambaye ta wa zai hau da Manaja bene. Ba ta yi musu da shi ba, ta aika aka kira mahaucin layin.

Mahaucin, wani mai ƙaton ciki da tsinken sakace a baki, ya zagaya saniyar sau ɗaya ya tsaya. Ya ce shi nama yake sayarwa, ba marataya kaya ba. Ya ce tun daga titi ya ƙirga haƙarƙarinta, kuma ko ungulu aka kai wa wannan sai an haɗa musu da gyara. Ya yi dariya har tsinken ya faɗi. Kwaɓau ya miƙe da ƙyar, ya nuna shi da yatsan nan na danna kwaɓi, ya ce da ƙafarsa zai dawo gidan nan yana roƙo. Nas kuwa ba ta bar maganar ta faɗi ƙasa ba.

"To Baba, mun yi da kai. Ranar da mahauci ya ce yana so, ita ta tafi, kai kuma ka biyo ni. Inna ce shaida."

Ya ce ya yarda, idonsa na kan ƙeyar mahauci. Tsohuwa ta ce ta shaida, ta koma ɗaki da ranta fari ƙal. A ganinta yarinya da duk karatunta ta ɗaure kanta da kanta, don wannan saniyar ko a cikin buhun dusa aka kwantar da ita ba za ta yi nama ba. Ramar Manaja ta zama takardar zaman Kwaɓau a gidan, kuma ba ta ga ranar ƙarewarta ba.

Rediyo ce ta ɓata lissafi. Wata rana da la'asar yana kishingiɗe ya kama wani shiri na manoma, ya ji wani masani na cewa ana zuba wa shanu yis a abinci don ya taimaka musu narkar da kara da bambaro. Daidai inda masanin zai faɗi yadda ake yi, batir ya mutu. Kwaɓau bai damu ba. Ya ce sauran rabin ai shi ya kamata a gayyata ya faɗa, wa zai koya masa yis?

Da safe ya je wurin tsofaffin abokan aikinsa ya dawo da babbar ledar yis da sharar fulawa. Ya ɗauko daro, ya zuba ruwan ɗumi, ya gwada da gwiwar hannu, ya zuba sukari ba tausayi, ya juye yis ɗin gaba ɗaya, ya kwaɓa da dusa da fulawa da hannun hagu. Ya lulluɓe daron da bargonsa ya ajiye a rana. Kafin azahar kwaɓi ya ɗaga bargo, gida ya ɗauki wari irin na wuraren da mutumin kirki ba ya faɗin ya san warinsu. Manaja ta cinye tas ta lashe daro. Shi kuma, da yake kwaɓi ba ya son iska, sai ya ɗauki bargon ya lulluɓa wa saniyar.

Zuwa la'asar kwiɓinta na hagu ya taso ya yi tsiri, ya fi ƙashin bayanta tudu. Kwaɓau ya ɗaga bargo, ya danna da yatsa, wurin ya dawo ɓul. Ya juyo yana washe baki ya ce wa Tsohuwa ta zo ta ga aiki, tun ba a kwana ba har haƙarƙari ya ɓace. Tsohuwa ta dubi saniyar, ta ga ta wage ƙafafu, harshe a waje, ido ya firfito, tana nishi kamar mai naƙuda. Ta ce da matar ɗanta ta bugo wa likitar dabbobi waya, ta ce mata ta zo da sauri, akwai dabbobi biyu a gidan, ɗaya na mutuwa, ɗaya na murna.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai takalmin roba har gwiwa, ta zo a kan babur. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta sa aka riƙe kan saniyar, ta zura mata tiyo ta baki har ciki, iska ta fito da wani irin ƙugi da wari, kaji suka bar gidan, maƙwabta suka rufe taga. Ta ɗura mata magani, ta tsaya har cikin ya saɓe, Manaja ta yi gyatsa ta koma kallon mutane. Sannan ta kifa bokiti ta zauna ta ce Baba ya faɗa mata abin da ya yi, kada ya rage komai. Da ya zo kan bargo, sai da ta juya baya ta yi kamar tana gyara takalmi.

Ta ce rediyo ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya gasa rabin da bai ji ba. Tumbin saniya shi kansa kwami ne, da ɗuminsa, da murfinsa, ba ya buƙatar bargon kowa. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin kara su mayar da shi abin da jiki zai amfana, saniya masauki kawai take ba su. Waɗannan halittu ba sa son iska, ba sa son tsami. Yis mai rai, in ya shiga kaɗan, yana shanye 'yar iskar da ke bin abinci, su kuma su samu sarari su yawaita su yi aiki. Amma sukari da fulawa daro guda, wannan ba taimako ba ne, gobara ce. Ta ce akwai yis da aka yi don dabbobi, ana samu a shagon abincin kaji, cokali ɗaya a busasshensa a barbaɗa kan dusa mai ɗan laima. Ya daddatsa kara gajeru, ya haɗa da harawa in ya samu, ga gishirin lasa, ga ruwa ko yaushe. Ta ƙara da cewa yis ba ya mayar da kara nama, ɗan turi ne kawai yake yi, saniyar kuma ta tsufa, kada ya sa rai da yawa.

Kwaɓau bai ji wannan na ƙarshen ba. Cokali ɗayan ne ya tsaya masa a rai, yana ganin an raina yis. Ya tambaya ta yaya zai san ƙananan halittun sun karɓi baƙon. Ta ce ya kalli tuƙarta in ta kwanta, ya kuma riƙa wanke kashinta a kan wani abu mai ƙananan huji. In ya ga dogayen kara, aiki bai yi ba, in abin da ya rage ya zama gajere mai laushi, to ana samun ci gaba. Washegari ne rariyar Tsohuwa ta bar ƙusa.

Daga nan Kwaɓau ya samu sabuwar sana'a. Da sassafe yana bakin famfo. Da hantsi yana kan kututture da adda a hannun hagu, yana daddatsa kara kamar mai yanka wa jariri. Da rana ya jawo kujera ya zauna gaban Manaja, tana tuƙa yana kallon bakinta, har nasa bakin ya riƙa motsi bai sani ba. Labarin kashi kuwa ba ya zuwa masa sai an ajiye abinci. Mutane na kai loma, shi yana bayanin yadda na jiya ya fi na shekaranjiya haɗuwa, har jikoki suka koma ci a ɗaki. Ya fara bin layi yana duba na awakin maƙwabta ba a gayyace shi ba, yana murzawa a yatsa yana girgiza kai, yana ba masu su haƙuri kamar an yi musu rasuwa.

Abin haushi, saniyar ta fara amsawa. Ba a dare ɗaya ba, a hankali, yadda tsufa ke zuwa amma ta baya. Gashinta ya kwanta ya fara sheƙi. Ramin da ke gaban ƙugunta ya fara cikowa. Tozon da ya faɗi gefe kamar tsohuwar hula ya fara miƙewa. Ko yis ne, ko datsan kara ne, ko harawar ce, ko taurin kan mai ita, likita da kanta ta ce ba za ta iya rabewa ba. Kwaɓau ya ce shi ya rabe.

Da damina ta kusa Nas ta zo duba shi. Tana ba shi labarin ɗakin da ta gyara masa, da fanka, da banɗaki a ciki wanda ruwa kawai ake ja. Tsohuwa ta ce to sai ta sa mai gadi a ƙofar banɗakin, don ubanta ba zai ja ruwan ba sai ya gama bincike. Aka yi dariya. Amma da Nas za ta tafi, ta tsaya wajen turke, ta dubi saniyar daga kai har wutsiya, ta yi wani ɗan murmushi. Tsohuwa ta ga murmushin, ta gane lissafinta ya fara rushewa.

Da safe ta ɗora buta a wuta. Ta jira ya jiƙa dusa, ya auna cokalinsa, ya barbaɗa, ya juya zai ɗauko kara. Ba ta ɓoye ba. Ta zo a gabansa ta tuttule tafasasshen ruwa a kwanon, tururi ya tashi. Ya tsaya da kara a hannu yana kallon kwanon.

"Kin kashe su."

"Na kashe su. Gobe ma in Allah ya kai mu zan kashe."

"Me suka yi miki, matar Yaya?"

"Kai dai wawa ne tun kana da majina. Me kake tsammani ke riƙe da kai a gidan nan? Ƙasusuwan saniyar nan ne. Duk cokalin da ka zuba, kayanka kake ɗaurewa. Ka bar ta yadda take mana, ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba, kamar ni da kai."

Ta zaci zai yi tsalle, ta ma shirya amsar abin da zai faɗa. Sai ya zauna a kan kututture. Ya ce ya sani, tun ranar da ya ce wa Uwata ya yarda ya sani, bai kai wautar da take ba shi ba. Ya ce akwai ranar da ya gwada, ya watsa mata kara dogo ba datsa, ya hana ta cokalinta, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yana jin ta tana ja tana tofarwa, kafin la'asar ya fito ya ba ta haƙuri.

"Duk zamana a gidan burodi ban taɓa fitar da ɗanye da gangan ba. Na ƙona, na manta gishiri, amma da gangan ban taɓa ba. Ba a kan Manaja zan fara ba."

Ya zuba wa kaji dusar da ta ƙona, ya jiƙa wata, ya sake auna cokali. Tsohuwa ta kira shi da sunaye da dama, ciki har da waɗanda ta ajiye tun rasuwar yayansa ba ta samu wanda ya dace da su ba. Amma ba ta sake ɗora butar ba. Da hannun hagun ma ya fara gajiya, ita ce ta riƙa riƙe masa kara a kan kututture yana sara, tana gaya masa in ya taɓa mata yatsa ko ɗaya sai ta kai shi inda ko yis ba zai tashe shi ba.

Mahauci da ƙafarsa ya dawo, kamar yadda aka faɗa masa. Wucewa yake yi ya leƙo ta kan katanga, ya yi gaba, ya dawo da baya, ya yi sallama da muryar da ba a san shi da ita ba. Ya shafa tozo, ya danna gadon baya, ya kama gindin wutsiya ya jinjina. Ya cire tsinke daga baki da kansa ya tambayi Baba me ya ba ta. Kwaɓau ya sa aka kawo masa kujera ya zauna, ya bar mahauci a tsaye. Ya faro daga ƙananan halittu, ya bi ta kan iska da tsami, ya yi ta bayani har mahaucin ya riƙa sauya ƙafa, fuskar Kwaɓau kuwa tana ƙyalli kamar an shafa wa burodi mai. Da mahaucin ya ce yana so, Kwaɓau ya sa ya maimaita, wai kunnensa na dama ba ya ji sosai.

Bayan fitar mahauci Tsohuwa ta ce masa ita fa ta tsufa, mantuwa ta yi mata yawa. Ita ce shaida, kuma in aka tambaye ta ba ta ga wani mahauci ba, ta dai ga wani mai ƙaton ciki ya zo tambayar hanya. Kwaɓau ya yi dariya har da tari. Sannan ya shiga ɗaki ya bugo wa Uwata waya da kansa.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya wa mahaucin: in za a buɗe tumbi, a kira shi. Ranar ya saka rigarsa mai kyau ya bi su mayanka, shi ya riƙe igiyar har ƙofa. Tsohuwa ba ta je ba, daga baya mahaucin ya ba ta labari. Ya ce lokacin yanka tsohon ya koma bayan gini ya fuskanci bango. Da aka kira shi kuwa ya zo ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya zura hannu cikin tumbin da ɗuminsa, ya ɗebo ya murza, ya shinshina, ya ɗaga wa haske, ma'aikata suka tsaya da wuƙaƙe a hannu suna kallon ikon Allah.

Ya dawo gida da rana tsaka, hannun riga a jiƙe, ido jawur. Ya zauna a kujerarsa gaban turken da ba kowa.

"Ya narke, matar Yaya. Laushi kamar kwaɓin da ya huta. Da kin ga bangon tumbin, wallahi kamar sabon tawul."

Ta ce ya tashi ya wanke hannu kafin ƙudaje su ɗauke shi. Da yamma mahauci ya aiko da nama. Kwaɓau bai taɓa ba. Tsohuwa ta ci da sauran haƙoranta, ta ce da tauri, Manaja ko a tukunya ba ta yarda ta sauƙaƙa wa kowa aiki ba. Ya yi murmushi, ya ce ai halin manyan ma'aikata ke nan.

Motar Nas ta zo a ƙarshen makon. Kayansa ba su cika bayanta ba: jaka, rediyo, bargo. Ya so ya tafi da ragowar yis, Nas ta ce ba abin da zai ba wa a bene sai mijinta, don haka ya miƙa wa maƙwabci mai awaki, ya tsaya yana nuna masa girman cokali har direba ya yi ham.

Can birni ya yi damina ɗaya, sanyi na shigowa ya kwanta, bai tashi ba. An sha miƙa wa Tsohuwa waya ta yi magana da shi, ta ƙi, ta ce ita ba ta iya faɗa da mutumin da ba ta ganin fuskarsa. Don haka abin da ta gaya masa a bakin mota shi ne ya zama na ƙarshe. Ya riga ya shiga, an ɗaura masa bel kamar kaya, yana ta kallon ƙofar gida. Ta zo ta dafa tagar, ta dubi Nas, ta dube shi.

"Kwaɓau, duk abin da aka ba ka ka ci, kada ka yi musu. Amma kada ka kuskura ka yi ƙiba. Ka dai ga abin da 'yarka ke yi da wanda ya yi ƙiba."